Wurin da Ba a Waiwaye

Litinin, bayan tashi daga makaranta

Shugaba ya tara mu a ɗakin malamai da safe, bakinsa har kunne. Ya ce daga wannan zangon, darasin ƙaurar ɗan Adam ya bar hannun alli. Za a riƙa koyar da shi da taswira mai motsi, a kan babban allon nan da aka kafa a ajina lokacin hutu, wanda ake taɓawa da yatsa. Wadda ta haɗa taswirar za ta zo ta yi makonni tana nuna mana. Sai ya juyo wajena ya ce, "Malama, abin ma na gida ne. Ƙanwarki ce."

Kowa ya tafa, ni ma na tafa. Na san Auta ta dawo gari, na san kamfanin da take wa aiki kayan karatu na kwamfuta yake haɗawa. Abin da ban sani ba shi ne ajina ta nufo. Jiya a gidana ta ci abincin rana, har da ƙari, ba ta ce uffan ba.

Darasin ƙaura nawa ne. Tun Auta ba ta gama makarantar firamare ba nake koyar da shi, kuma da igiya nake yi. A ture bencina gefe, in shimfiɗa igiyar daga ƙofa zuwa taga, yara su ɗora jakunkunansu a ka su bi ta. A hanya akwai tashoshi: bishiyar da ba ta da inuwa, rijiya mai ɗaci, gidan matar da ta ba da ruwa ba ta tambayi suna ba, sai wurin ajiya, sai gada. A wurin ajiya kowa zai ciro abu ɗaya da yake so daga jakarsa, ya ajiye a ƙasa, ya wuce, kuma ba a waiwaye. Dariya suke yi tun daga ƙofa, amma da an iso nan sai aji ya yi tsit. Tashoshin na aro su ne daga wani wasa da Inna take yi da ni ina ƙarama, daga bakin gado zuwa ƙofar ɗaki, duk ranar da na ishe ta da fitina.

Ba kishi nake ba. Ina rubutawa ne kawai don in tuna ranar.

Laraba, lokacin hutu

Na zauna a bencin baya a cikin ajina, kamar mai jiran likita.

Auta ta ja wani ɗan maɓalli a ƙasan allon, sai shekaru suka riƙa komawa baya. Teku ya janye, ƙasa ta fito a inda yau jirage suke bi, ƙanƙara ta rufe saman duniya. Daga Afirka wasu jajayen layuka suka taso suna rarrafe. Wani ya bi bakin teku, wani ya rabu biyu, wani ya tsaya cak bai ƙara gaba ba. In ka taɓa ɗigo sai hoto ya buɗe, ko wuƙar dutse, ko sawun ƙafar mutum a busasshen taɓo.

Yaron da muke kira Sarkin Barci, wanda tun farkon shekara ban ga ƙwayar idonsa ba, shi ne ya fara ɗaga hannu. "Anti, in na taɓa nan me zai fito?" Anti. A darasi ɗaya ta zama Anti.

Abin ya yi kyau. Na rubuta, kada wata rana a ce ban faɗa ba. Sai dai na ga yarinya ta ƙetare hamada da ɗan yatsa tana tauna cingam, kuma ba wanda ƙafarsa ta gaji.

Alhamis, da rana

Ba wanda ya tambayi igiya.

Asabar, da yamma

Auta ta zo da lemo a leda da ɗan turare, Inna ta tashi zaune. Tun safe nake lallashin matar nan ta tashi in gyara mata shimfiɗa, ta ce ƙugunta ba zai bari ba. Da ta ji muryar Auta a tsakar gida ƙugu ya warke.

A gidana Inna take tun rasuwar Baba. Ni ce mai maganin safe da na yamma, ni ce mai wanki, ni ce wadda ake cewa ta cika gishiri a miya. Auta ta yi shekaru tana kiran waya daga nesa, ta dawo ta zauna a gefen gado ta ɓare lemo, sai ga Inna tana dariya har ana ganin giɓinta. "Autata, ɓare mini wani." Ni kuwa "ke" ce. Ke, rufe tagar. Ke, ina carbina.

Ni na goyi Auta. Akwai tabon haƙorinta a kafaɗata har yau.

Kofi ya suɓuce wa Inna a hannu, shayi ya zube a zane. Ta ce hannun ne ya yi barci. Na wanke zanen.

Maigidan ya ce fuskata ta yi kamar an aiko mini da sammaci. Na ce kaina ke ciwo. Ya ce, "To, Allah ya ba kan lafiya, ya kuma ba ƙanwar kan haƙuri." Yana ganin shi mai ban dariya ne.

Litinin, bayan tashi

Ashe taswirar tana da kashi na biyu. Bayan ƙaurar mutanen farko, kowane yaro zai je gida ya ɗauki muryar wani tsoho yana ba da labarin inda ya taso da hanyar da ya bi. Za a ɗora kowane labari a kan allon ya zama layi, in ka ɗora yatsa a kai sai ka ji mai shi yana magana. Shugaba ya ce a ranar da iyaye za su zo makaranta za a nuna.

Na so a ce tunanin banza ne. Ba na banza ba ne.

Auta ta ce tana bukatar murya ɗaya ta gwaji, ko za ta gwada Inna. Dariya ta kama ni sosai, wadda na daɗe ban yi ba. Na ce ta je ta gwada. Ni da na karanta tarihi, na koyar da hanyar da mutane suka bi shekaru dubbai da suka wuce, ban san hanyar da uwata ta bi ta iso garin nan ba. Na san dai ba a nan aka haife ni ba, kuma goye aka zo da ni. Na tambaya ina yarinya, na tambaya ina ɗaliba da takarda a hannu, na tambaya ranar da na haihu. Amsar ɗaya ce: "Daga can muka zo." Can ina? "Can dai." Baba ma haka ya tafi da nasa.

Abu ɗaya nake so a wajen Inna, kuma ban taɓa roƙonta wani ba. Ta zaunar da ni ta faɗa mini da bakinta.

Laraba, bayan la'asar

Na dawo na tarar da takalmin Auta a ƙofar ɗakin Inna, ƙofar a rufe. Ba a rufe ƙofar nan da rana.

Na ɗauko tire da magani da ruwa. Ina isa bakin ƙofa na ji muryar Inna, ba irin ta "ke, rufe tagar" ba. Murya ce doguwa, a hankali, tana tafiya tana tsayawa. Ban ji kalmomin ba, ban kuma kasa kunne ba. Na tsaya dai da tire a hannu har ruwan ya daina rawa a kofi.

Na koma kicin na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Da Auta ta fito idanunta sun yi ja. Ta ce, "Yaya." Na ce maganin Inna ya wuce lokacinsa, ta matsa mini in wuce.

Alhamis, da safe

Ba kishi nake ba. Mamaki nake.

Alhamis, da yamma

Ƙarya na rubuta da safe. Kishi nake, irin wanda yake hana abinci wucewa.

Juma'a, lokacin hutu

Ta same ni a ɗakin malamai ina duba aikin yara, ta ajiye waya da abin sawa a kunne a kan takarduna.

"Yaya, ki saurara. Ya kamata ki ji."

"Ya kamata?"

"Don Allah. Ban san haka abin yake ba. Da na sani, da ke na sa ki shiga."

Ki ji fa. Da ita ta sa ni in shiga. Ɗakin uwata, a gidana.

Na ce, "Ba zan ji uwata ta cikin waya ba. Tana da baki, ina da kunne, bango ɗaya ne tsakanina da ita." Na ture wayar da bayan biro. Malamin lissafi ya yi kamar yana neman abu a aljihun teburinsa, ya daɗe yana nema.

Lahadi, da hantsi

Na shafa wa Inna mai a ƙafafu. Tafin ƙafarta kaushi ne da shi tun ina yarinya, duk man duniya bai taɓa gyara shi ba. Na bari sai da ta lumshe ido, sannan na ce, "Inna, abin da kika faɗa wa Auta, ni ma ina so in ji."

Ta buɗe ido ta dube ni, ba a ido ba, a goshi, kamar yadda ta saba. Ta ce, "Ke kuma me zan faɗa miki? Ai kin sani."

"Ban sani ba, Inna."

"Kin sani mana. Matsa mini nan, wajen diddige."

Na matsa mata diddige. Da ta ce ba za ta faɗa ba, da ya fi mini sauƙi. Amma a ce na sani, kamar yadda ake sallamar mai talla a bakin ƙofa.

Na lura gefen bakinta ya ɗan sauka in tana magana. Na ce gobe zan kira likita.

Talata, bayan taron malamai

Ban kira likita ba, aikin yara ya sha kaina.

A taro Auta ta kawo matsala. Muryoyin da yara suka ɗauko duk sun hau allo, don kakanninsu sun faɗi sunayen garuruwa, manhajar kuma sai an ba ta sunan wuri take zana layi. Muryar gwaji ce ta ƙi hawa. Ta ce tsohuwar, haka ta ce, tsohuwar, ba ta ambaci sunan gari ko ɗaya ba, sai alamomin hanya. Ta buɗe waya za ta karanto alamomin ko wani zai gane, na katse ta.

Shugaba ya ce ni ce malamar tarihi, ni zan ce a sa ko a cire.

Na ce tarihi ba tatsuniya ba ne. Labarin da ba shi da wuri, ba shi da shekara, ba shi da shaida, ba zan bari a nuna wa yara shi da sunan darasi ba. Na ce a cire. Na faɗa da muryar aiki, har Shugaba yana gyaɗa kai yana cewa wannan ita ce ƙwarewa.

Auta ba ta yi musu ba. Ta kife wayar a kan tebur ta dube ni irin kallon da take mini tana ƙarama in na cinye mata rabo.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne a ƙa'idar aiki. Na maimaita wa kaina haka a mota har gida.

Alhamis

Inna.

Juma'a, da rana, a asibiti

Bencin nan na ƙarfe ne, sanyinsa yana ratsa zane. Ɗakin yana da gado huɗu da taga ɗaya da ba ta buɗewa. Matar gadon kusa tana da 'ya'ya mata da yawa, suna shigowa bi da bi da kwanuka, suna surutu kamar a kasuwa.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ta kama Inna, a jira. Na tambaye shi ko za ta tashi, ya sake cewa a jira.

Ni na same ta da na kai shayi. Ba zan rubuta yadda na same ta ba.

Asabar, da yamma

Ba ta ce komai ba yau.

Lahadi, da yamma

Idonta biyu. Tana bin mu da kallo, hannun hagu yana motsi. Ba ta ce komai ba.

Mun raba zama da Auta, ita safe ni yamma. Muna haɗuwa a bakin ƙofa, ta ce an canza ruwa, in ce to. Na lura in Auta ta shigo Inna tana dubanta a fuska, ni kuwa har yanzu a goshi. Ko a nan ma.

Wani abu ya tsaya mini a rai tun jiya. Duk maganar da ta rage wa Inna a duniya mai tsawo, tana cikin wayar da ke jakar Auta, kusa da cajarta da man leɓenta. Ni abin da aka bar mini shi ne "matsa mini nan, wajen diddige".

Maigidan ya ce in karɓa in saurara, ba abin kunya ba ne. Na ce idan na saurara, na yarda ke nan ba za ta ƙara magana ba. Bai yi wasa ba wannan karon, ya kawo mini ruwa kawai.

Talata, bayan tashi

Zan rubuta wannan a hankali.

Allon ya ƙi kamawa yau. An taɓa, an kashe, an kunna, sai wata 'yar da'ira take ta juyawa a tsakiya. Mai gyara ya ce sai gobe. Yara suka fara hayaniya, Sarkin Barci ya kwantar da kai. Auta ta shigo daga asibiti ko wanka ba ta yi ba, ta zauna a bencin baya, a daidai inda nake zama.

Na buɗe kabad na ɗauko igiyata. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ce a raina yau za ta ga yadda ake koyarwa ba da wutar lantarki ba. Ba ta taɓa ganin darasin nan ba, wasan ma an daina shi tun kafin a haife ta.

Aka ture bencina, aka ɗora jakunkuna a ka. Na ce, "Mun baro gida, ba mu rufe ƙofa ba. Ga bishiyar da ba ta da inuwa, kowa ya tsaya ya nemi inuwar." Yara suna dariya suna leƙa ƙasan benci. Muka wuce. Na ce, "Ga rijiya mai ɗaci, ƙishi ya kama ku, amma kada wanda ya sha." Wata ta yi kamar za ta sha, aka riƙe ta ana ihu.

Sai na ji murya daga baya, ƙasa-ƙasa: "Sai gidan matar da ba ta tambayi suna ba."

Na juya. Auta tana tsaye, ta dafa bango.

Na ƙarasa darasin, ban san yadda na yi ba. A wurin ajiya Sarkin Barci ya ciro wani tsohon agogo marar hannu ya ajiye, ya wuce yana taune leɓe. Auta ta fita kafin a kai gada.

Na same ta a bayan aji, wajen famfo.

"Yaya, kin saurara ne a ɓoye?"

"Ban taɓa wayarki ba."

"To a ina kika samo waɗannan wuraren?"

"Wasan yara ne. Inna ce take yi da ni."

Ta zauna a kan dakalin famfo. Ta miƙo mini wayar, wannan karon ba ta ce ya kamata ba. Na karɓa.

Laraba, da sassafe, a aji kafin yara su zo

Na saurara. Na rufe ƙofa, na zauna a ƙasa kusa da igiyar, don jiya ban naɗe ta ba.

Ga abin da zan iya rubutawa.

Inna ta ce, "Mun tashi ba mu rufe ƙofa ba, don ba amfani. Babanku ya ɗauki kaya, ni na goya yayarki, shi kuma yana tafiya da ƙafarsa, ya riƙe gefen zanena."

Muryar Auta ta ce, "Inna, shi wa?"

"Yaron. Wan yayarki."

Na tsayar da wayar a nan. Duk rayuwata ni ce babba.

Ta ce bishiyar ba ganye ko ɗaya, yaron ya tambaye ta ina inuwarta ta tafi. Ta ce ruwan rijiyar ɗaci gare shi, ta hana shi, ya sha a bayan idonta. Matar nan ta ba su ruwa mai kyau, ta ba su tabarma, ba ta tambaye su ko su wane ne ba, amma an riga an makara. "Gaba kaɗan muka ajiye shi. Babanku ya ce kada in waiwaya, in na waiwaya ba zan tafi ba, ga kuma wata a bayana tana numfashi. Ban waiwaya ba."

Shekara da shekaru ina sa 'ya'yan mutane su ajiye biro da agogo a wurin nan, ina jin daɗin yadda aji yake yin tsit.

Can ƙarshe Auta ta tambaye ta, tana jan hanci, me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba.

Inna ta ce, "Na faɗa mata. Ita na fara faɗa wa. Kullum sai mun yi tafiyar nan ni da ita, daga gado zuwa ƙofa. Da baki ne ba zan iya ba, goshinsa ne da ita. Ke ba ki yi kama da kowa na can ba, shi ya sa bakina ya buɗe."

Daga nan sai ƙarar buɗe ƙofa, da muryata ina cewa magani ya wuce lokacinsa.

Laraba, lokacin hutu

Na mayar wa Auta wayarta. Na zaci zan same ta da tausayi a fuska, irin wanda ba na so. Sai na same ta a cike.

Ta ce, "Kin ji ƙarshen ai. Ban yi kama da kowa ba. An ba ni labari kamar yadda ake ba baƙuwa a mota. Ke aka yi tafiyar da ke, sau nawa ma. Ni ko sau ɗaya ba ta taɓa yin wasan nan da ni ba."

Ban taɓa tunanin akwai abin da Auta za ta duba a hannuna ta ji zafi ba. Kuma, Allah ya yafe mini, wani ɓangare na zuciyata ya ji sanyi.

Na je wajen Shugaba na ce na janye maganata, a sa muryar. Ya ce, "To shaidar fa, Malama?" Na ce ni ce shaidar, ina wurin. Auta ta ce za ta zana layin da hannu a gefen taswirar, inda ba sunan gari, ta rubuta alamomin a matsayin tashoshi. Na ce ta sa bishiya da rijiya da gidan matar da gada. Wurin ajiya ta yanke shi, layin ya yi shiru a nan ya wuce. Ba na iyayen yara ba ne. Ba ta yi musu ba.

Alhamis, da yamma, a asibiti

Likita ya daina cewa a jira. Ya ce mu riƙa zama kusa.

'Ya'yan matar gadon kusa sun fita duka, ɗakin ya yi shiru. Na ja kujera, na gyara zanen gado ya miƙe, na ɗauki hannun Inna na hagu na ɗora a kai, nawa a ƙarƙashin nata.

Na ce, "Inna, mun baro gida. Ba mu rufe ƙofa ba."

Idonta ya sauko daga goshina.

Na tafi da yatsuna biyu a kan zanen, hannunta yana bisa nawa. Na ce ga bishiya, muka tsaya muka nemi inuwa. Na ce ga rijiya, yatsunta suka ɗan matse. Muka wuce gidan matar. Da muka iso wurin, na yi abin da muka saba yi tun ina yarinya, na ɗaga yatsa zan wuce da sauri.

Ta danne hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinta ba. Ta danne shi a kan zanen, ta ƙi bari mu tafi.

Na ce, "Inna, ba a tsayawa a nan."

Ba ta saki ba.

Na ce, "To mu zauna. Ba wanda yake bin mu. Wadda ke bayanki ma ta girma."

Muka zauna a wurin. Ta dube ni a ido, ta dubi goshina, ta sake dubana a ido, hawaye yana bi ta gefen da bai sauka ba. Bakinta ya motsa sau da yawa a kan abu ɗaya, gajere, ba sauti. Na sunkuya na kalli leɓenta har na gane. Suna ne, na namiji. Na maimaita shi a hankali, ta lumshe ido.

Ba mu kai gada ba yau.

Da na fito na tarar da Auta a kan bencin ƙarfe, wayar a cinyarta a kashe. Ta ce ta leƙo ta ga muna magana, shi ya sa ba ta shigo ba. Ta ce, "Yaya, ta ce wani abu?"

Na zauna kusa da ita, na jawo kanta kan kafaɗata, wajen tabon. Na ce ba ta ce komai ba.

Zan faɗa mata wata rana, wanta ne ita ma. Amma ba yau ba. Yau sunan nawa ne ni kaɗai.